Kafin ka sayi kaza a Sabon Tasha

Shekarar da na fara kiwo a bayan ɗakinmu a Sabon Tasha, kaji shida na saya a bakin hanyar Kachiya, jajaye masu kyan gani. Mai su yana ta rantsuwa cewa 'yan mata ne, sati biyu ya rage su fara ƙwai. Na ɗauro su a bayan babur ina lissafin kiret nawa zan riƙa tarawa a wata. Wata dattijuwa da muke katanga ɗaya da ita ta leƙo, ta ce in miƙo mata ɗaya. Ta juya ta, ta duba ƙafa, ta duba baki, ta sa yatsu a ƙarƙashin wutsiya, sannan ta mayar mini.

"Ɗana, nawa ka saye su?"

Na faɗa mata.

"To, Allah ya mayar da alheri. Waɗannan sun gama aikinsu a gidan gona, sallamarsu aka yi. Ka bari Kirsimeti ta zo ka sayar wa masu miya."

"Mama, ta yaya kika gane?"

Sai ta nuna mini. Budurwar kaza irin jajayen nan, ƙafarta da bakinta rawaya ne sosai, fatar ƙafar sumul. Idan ta fara ƙwai, wannan launin yakan riƙa tafiya cikin gwaiduwa, wata bayan wata, har ƙafar ta koɗe ta yi fari-fari. Nawa kuwa duk sun koɗe, ɓawon ƙafarsu ya yi kaushi, gashin wuya ya cinye saboda gogar keji. Ta kuma nuna mini ƙasusuwa biyu da ke gefen mafitar ƙwai. Kazar da ke kan ƙwai, yatsu biyu zuwa uku za su shiga tsakaninsu. Wadda ba ta fara ba ko ta daina, da ƙyar yatsa ɗaya zai shiga. Tun ranar ban ƙara sayen kaza ban riƙe ta a hannu ba.

Amma kuskurena ya fara tun kafin in je bakin titi, domin ban zauna na tambayi kaina abin da nake so da kazar ba. Mai son nama kafin biki, da mai son ƙwan da yara za su ci kullum, da mai son kaji su riƙa yaɗuwa da kansu, ba kaza ɗaya za su saya ba. Haka kuma wanda ke gidan haya a cikin Sabo ko Unguwar Boro, tsakar gida ɗaya da iyali biyar, ba zai yi kiwo irin na wanda ya gina nasa a Kamazo ko Mahuta da fili a baya ba.

Mu fara da kazar gida, wadda wasu ke ce wa ta Hausa. Ita ce ta fi kowace sauƙin riƙo, kuma ita aka fi rainawa. Tana tono ta ci gara da tsutsa da ragowar tuwo, ka ƙara mata dusa da ɗan tsaki ta gode. Ta san shirwa, ta san muzuru, da magariba ta kawo kanta makwanci. Ƙwanta kaɗan ne: takan yi goma zuwa goma sha biyar ta tsaya ta yi kwanci, sau uku ko huɗu a shekara, jimla bai cika wuce 40 zuwa 60 ba. Ba ta fara ƙwai sai ta kai wajen wata shida, girmanta kuma a hankali yake. Sai dai namanta ne masu farfesu ke nema, kuma ita kaɗai ce a cikin duk waɗanda zan ambata za ka dogara da ita ta ƙyanƙyashe 'ya'ya ta rene su ba ka sayi gawayi ko fitila ba. A cikin kajin gidan ma akwai iri-iri. Na rugar Fulani sun fi girma da tsayin ƙafa, shi ya sa masu kiwo ke neman zakaransu. Akwai durgu mai gajeren ƙafa. Akwai mai wuya ba gashi, wadda yara ke tsammanin ciwo ne ya cinye ta, alhali halittarta ce, kuma ta fi sauran jure zafin Maris da Afrilu tunda jikinta ya fi shan iska. Aibinta ɗaya a unguwa irin tamu: tana son yawo. Idan ka kulle ta a ƙaramin keji sai ta rame, idan ka sake ta sai ta shiga shanyar masarar maƙwabta ko ta tone musu lambun alayyahu. Na ga kaza ɗaya ta raba matan gida biyu da gaisuwa har wata guda.

Sai kajin ƙwai, waɗanda ake ce wa leyas. Wadda ta fi yawa a gidajen gonar Kaduna ita ce Isa Brown, asalinta daga Faransa. Tana fara ƙwai a sati 18 zuwa 20, kuma idan ta samu abin da take so takan kusanci ƙwai 300 a shekara. Abin da take so ɗin ne magana. Kaza ɗaya tana cin giram 110 zuwa 120 na abincin buhu a rana, wato kaji goma za su cinye buhu mai kilo 25 cikin kamar sati uku. Ka je shagon abincin kaji ka tambayi kuɗin buhu yau, ka lissafa ƙwan da kaji goma za su ba ka a sati uku, ka ga ko za ka iya. Ranar da aljihu ya yi sanyi ka koma ba su dusa zalla, cikin kwanaki ƙwan zai ja baya, kuma dawowarsa sai an sha wuya. Akwai tamu ta gida a wannan layi, ShikaBrown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta yi shekaru tana tacewa domin ta dace da yanayinmu. Ga mai kiwon bayan gida na fi son ta, don ta fi haƙuri da zafi. Samun ta ne ba kullum ba, sai ka yi cigiya.

Burola ba sai na tsaya a kanta ba. Sati shida zuwa takwas ta kai yanka, ba ta tono, ba ta gudu, ci da kwanciya kawai, zafi kaɗan sai ta faɗi. Kasuwanci ce ta ɗan lokaci, ba kazar da za ka zauna da ita ba ce.

Tsakanin kazar gida da ta gidan gona akwai waɗanda suka cika unguwanninmu a 'yan shekarun nan, masu ba da nama da ƙwai gaba ɗaya, a kasuwa ka ji ana ce wa irinsu maja. Wadda aka fi sani ita ce Noiler, ta kamfanin Amo da ke Awe a jihar Oyo. Akwai FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abeokuta, akwai Kuroiler daga Indiya da Sasso daga Faransa. Launinsu barkatai kamar na kajin gida, suna tono, suna cin ganye da ragowar abinci, amma cikin wata uku zuwa huɗu zakaran ya yi nauyin da na gida ba zai yi a shekara ba, matan kuma suna ninka kazar gida ƙwai sau biyu ko uku. Abu biyu mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Na farko, sati biyar ɗin farko sai an rene su kamar kajin gidan gona, da ɗumi da abincin buhu da rigakafi, shi ya sa sabon shiga gara ya ƙara kuɗi ya sayi 'yan sati biyar ko shida da aka riga aka rena. Na biyu, ba su cika kwanci ba. Idan kana jiran Noiler ta ƙyanƙyashe maka 'ya'ya, za ka daɗe kana jira.

'Yan tsakin kwana ɗaya da yawa daga wajen Ibadan ake ɗauko su, su kwana a mota. Akwai kuma babbar maƙyanƙyasa da masana'antar abincin kaji ta Olam da aka buɗe a 2017 a hanyar Abuja, cikin ƙaramar hukumarmu ta Chikun. Ko daga ina suka fito, ka buɗe kwalin a gaban dillali. Lafiyayyen ɗan tsako yana tsaye da ƙafarsa, idonsa a buɗe tar, cibiyarsa a bushe, duburarsa ba kashi a manne. Idan ka kai su gida, ruwa za ka fara ba su kafin abinci. Ba ka buƙatar ma'aunin zafi don sanin ko ɗumin ya yi: idan sun cunkushe a jikin kaskon gawayi suna tsuwwa, sanyi suke ji, idan sun gudu jikin bango suna haki, zafin ya yi yawa, idan sun bazu suna ci, ka bar su. Kada ka toshe ɗakin ruf da gawayi a ciki, hayaƙin da ba ka gani yana kashe su a dare ɗaya.

Duk irin da ka zaɓa, sauran aikin kallo ne. Kaza ba ta ɓoye halin da take ciki, mu ne ba ma tsayawa. Budurwar da ta kusa fara ƙwai zankonta yakan cika ya yi ja, ta fara kyarkyara tana leƙa lungu-lungu, idan ka kai hannu sai ta durƙusa ta ɗan buɗe fiffike. A lokacin nan za ka tanadar mata gurbi, in ba haka ba ita za ta zaɓa, kuma zaɓinta bayan tulin itace ne ko ƙarƙashin tsohuwar motar maƙwabci. Tana son wuri mai duhu-duhu, a ɓoye, mai taushi. Tsohon kwando ko fasasshiyar tukunya da ɗan ciyawa ko ɓuntun shinkafa ya isa, gurbi ɗaya ga kaji huɗu ko biyar. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar awa 25 zuwa 26 kafin ya haɗu a cikinta, shi ya sa kazar da ta yi da ƙarfe takwas yau za ta yi wajen tara ko goma gobe, a haka har ta tsallake rana. Yawanci kafin azahar an gama, don haka mai sakin kaji ya bari sai rana ta ɗaga. Kuma ba ta buƙatar zakara don ta yi ƙwai. Aikin zakara shi ne ƙwan ya zama mai ƙyanƙyasuwa, ɗaya ya ishi mata takwas zuwa goma. Idan ƙwan ci kawai kake so kuma gidan haya kake, ka hutar da kanka da maƙwabta carar ƙarfe huɗu na asuba.

Kwanci shi ne inda na ga mutane sun fi yin asara, ko dai ta hana kazar da ya kamata a bari, ko ta barin wadda ya kamata a hana. Za ka gane ta: ta lafe a gurbi dare da rana, ta kumbura gashi, ta canza murya, idan ka kai hannu ta sare ka. Takan fige gashin ƙirjinta don fatarta ta taɓa ƙwan. Sau ɗaya a rana take fita ta ci, ta sha, ta yi kashi mai yawa, ta yi birgima, ta koma da sauri. Idan 'ya'ya kake so, ka sa mata ƙwai takwas zuwa goma sha biyu gwargwadon girmanta, waɗanda ba su wuce sati da yi ba, ba a wanke su ba, ba masu tsaga ba. Ka yi wa kowanne alama da gawayi, domin sauran kaji za su riƙa hawa suna ƙara mata sababbi, kuma sabon da ya shiga a makare ba zai fashe tare da sauran ba. A kwana na bakwai zuwa goma, ka ɗauki ƙwan da dare ka haska shi da fitilar waya a ɗaki mai duhu. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo-gizo. Wanda ya fito fayau ka cire shi, shi ne zai zama bara-gurbi, in ya fashe a ƙarƙashinta ya ɓata sauran. Kwana 21 ne na kaza. Idan ƙwan zabi ka sa mata, kamar yadda ake yi a ƙauyuka tunda zabuwa ba ta iya reno ba, 26 zuwa 28 ne. Na agwagwar gida kuwa sai 35, kuma ba kowace kaza ke da wannan haƙurin ba.

A nan ne dattijuwar nan ta koya mini dabarar da har yau nake ci da ita. Kazar gida ba ta tambayar ƙwan wa aka sa mata. Sai ka ajiye biyu ko uku a matsayin iyaye, ka riƙa sa musu ƙwan manyan kajin da ke da zakara. 'Ya'yan ba za su kai iyayensu na kamfani ba, jinin yana raguwa daga zuriya zuwa zuriya, amma sun fi na gida girma nesa. Har 'yan tsakin kwana ɗaya na saya na tura ƙarƙashin kazar da ta yi kusan sati uku tana kwanci, cikin dare, na janye ƙwan. Da safe ta tashi tana kiran su kamar ita ta ƙyanƙyashe. Ba kullum take karɓa ba, ka tsaya kusa da asuba ka gani, in ta fara sararsu ka kwashe. Sati huɗu na farko kada ka bar ta ta fita yawo da su. Shirwa, ɓera, da kwatar da ke cika da ruwa a watan Agusta su ke cinye rabin 'yan tsakin unguwa. Ka kife su da babban kwando ko ka tsare su a akurki, ruwansu a marfi marar zurfi da 'yan duwatsu a ciki.

Idan kuma ba ka son kwancin, kada ka tsoma ta a ruwa ko ka ɗaure mata ƙafa a rana kamar yadda wasu ke yi. Ka ɗauke ta daga gurbi, ka sa ta a keji mai ƙasan waya inda iska ke ratsa cikinta, da abinci da ruwa. Kwana uku zuwa huɗu zazzaɓin kwancin ya sauka.

Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, kowace ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa. Ba mugunta ba ce, tsari ne, kuma da ya zauna faɗa ya ƙare. Abin da ke tayar da shi shi ne baƙuwa, ko matsi, ko mazubin abinci ɗaya tilo da babbar za ta tsare. Ka sa mazubi biyu nesa da juna, kada ka wuce kaji uku ko huɗu a kowace murabba'in mita, ka rataya musu ganyen zogale ko kabeji su riƙa tsattsaga. Baƙuwa kuma a shigar da ita da dare. Da ka ga jini a jikin wata ka ware ta nan take, domin ja yana jan bakinsu, za su iya kashe ta kafin la'asar.

Birgima a ƙasa wankansu ce, da ita suke kakkaɓe ƙwarƙwata da ƙuma. Wanda ya kulle kaji a siminti ya ajiye musu tsohon baho da yashi da toka. Ka kafa musu sanda a ɗaki su hau su kwana. Kakanninsu kajin daji ne na kudu maso gabashin Asiya masu kwana a bishiya, har yau ba su son kwanan ƙasa. Kaza ba ta gumi, haki take yi da baki a buɗe, fiffike a sake. Da ka ga haka a bazara, inuwa da ruwa mai sanyi take nema, kuma abinci a koma ba ta da sassafe da yamma. Kwanon rufin da ya yi ƙasa a ɗora masa ciyawa ko tsohuwar tabarma. Idan ƙwai ya zo da ɓawo mai laushi, ko suka fara fasa shi suna sha, sinadarin ƙashi ne ya yi musu ƙaranci: ka daka ƙonannen ƙashi ko busasshen ɓawon ƙwai ka zuba musu daban. Wadda ta haura shekara ta fara zubar da gashi ta daina ƙwai ba ciwo take ba, sabon gashi take yi, ka ba ta 'yan makonni.

Ciwon da zai share maka akurki a sati ɗaya shi ne fakat, kuma lokacinsa hunturu ne, daidai sanda kajin biki ke ta kai-komo tsakanin ƙauyuka da kasuwar Sabo. Kaza ta yi sukuku, ta saki fiffike, kashi kore, numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe. Ba shi da magani. Barkono a ruwa da kafso mai ja da rawaya ba sa kashe shi, wadda ta tashi dama mai kwana ce. Rigakafi ne kawai, kuma ba shi da tsada. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin sa, akwai Lasota, akwai I-2 mai ɗan jure zafi, ana ɗigawa a ido ko a sa a ruwan sha, duk wata uku zuwa huɗu. Ƙaramar kwalba ta fi ƙarfin kajin mutum ɗaya, sai ku haɗu da maƙwabta ku yi rana ɗaya. Ka sayo shi cikin ƙanƙara, kada ka haɗa da ruwan famfo mai magani, kuma da an haɗa a gama da shi cikin awa ɗaya ko biyu. Ka tabbata an yi ɗaya a Oktoba ko farkon Nuwamba, kafin iska ta juya. Duk kazar da ta shigo gidan, ko kyauta ce daga ƙauye, ta yi sati biyu a ware. Idan kuwa kaji suka fara zubewa da yawa farat ɗaya, kada ka yanka ka ci, kada ka kai kasuwa, ka binne su da zurfi ka nemi likitan dabbobi. Yana iya zama murar tsuntsaye, wadda a watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a wata gona a Jaji, cikin jihar nan tamu.

Da za a mayar da ni ranar da na tsaya a bakin hanyar Kachiya da kuɗin kaji shida a aljihu, kajin gida biyu zan saya daga hannun maƙwabciyar da na san garkenta, in ƙara da 'yan Noiler huɗu masu sati biyar, zakara ɗaya a ciki idan gidan ya ba da hali. Leyas sai wanda ya tabbata buhu ba zai yanke masa ba. Idan kuma kasuwar Kirsimeti kake hange, ka ƙirga baya tun da wuri: Noiler ta shigo gida kafin tsakiyar Satumba, burola a ƙarshen Oktoba. Wanda ya bari sai Disamba, shi ma saye zai yi.